HAIHUWAR KYANWA DA HAƘƘIN DA KE WUYAN MAI GIDA

 

Jama'a masu karatu, a wannan mako muna so mu ɗan saurara da zancen zakka da awo da riba waɗanda muka saba yi a wannan fili, mu juya ga wata 'yar halitta da ke zaune tare da mu a gidajenmu da shagunanmu, watau kyanwa, wadda waɗansu ke kira mage, mutanen Sakkwato kuwa su ce mussa. Mai yiwuwa ne wani ya ce, ina ruwan filin addini da haihuwar kyanwa? To, ruwansa shi ne, da wuya a sami mutumin da ya daɗe yana ratsa jujin unguwarsu bai taɓa jin kukan 'ya'yan kyanwa daga cikin kwali ko tsohon buhu ba, idanunsu ko buɗewa ba su yi ba. Hannun mutum ne ya kai su can, kuma sau da yawa hannun mai salla ne, mai azumi, wanda da za a ce masa ya zalunci wani sai ya yi rantsuwa ya ce bai san zancen ba. Mun lura galibin masu yin haka ba mugunta ce ta sa su ba. Haihuwar ce ta yi musu yawa, su kuwa ba su san yadda Allah Ya tsara ta ba, balle su san inda za su tare ta.

MU MUKA KIRA TA

Tun da fari ya kamata mu tuna cewa kyanwa ba kutse ta yi mana ba. Masana tarihi sun ce asalinta kyanwar daji ce ta ƙasashen Gabas ta Tsakiya, wadda ta fara raɓar mutane kimanin shekara 10,000 da suka wuce, sa'ad da suka soma noma suna tara hatsi, ɓeraye suka bi hatsin, ita kuma ta bi ɓerayen. A tsibirin Ƙubrus an tono wani kabari mai shekara kusan 9,500 inda aka tarar an binne mutum da kyanwa kusa da shi. Har yau wannan tsohuwar yarjejeniya ba ta warware ba. Duk wanda ya san sito a kasuwar hatsi irin ta Dawanau a Kano ya san abin da ɓera da gafiya ke yi wa buhu, kuma ma'aikacin ofis ya san abin da su ke yi wa takardu. Bayan ɓarnar dukiya ga ta lafiya: zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, wani irin ɓera ne ke yaɗa shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajiye kyanwa a gida cikin dabarun kare kai daga gare shi.

Shari'a ma ta ba ta matsayi na 'yar gida. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha ta ƙoshi, da surukarsa Kabsha ta yi mamaki sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya bayyana kyanwa ba najasa ba ce, domin tana cikin masu kai da kawowa a tsakaninmu. Babban mai ruwayar hadisi kuwa, Abu Huraira, wannan laƙabi nasa ma'anarsa mai 'yar kyanwa, saboda wata 'yar ƙarama da ya ke yawo da ita yana kiwon tumakin gidansu. Dabbar da ke da irin wannan matsayi, ba daidai ba ne a ci moriyar ganga a ya da kwaurenta ranar da ta haihu.

YADDA ALLAH YA TSARA HAIHUWARTA

Kyanwa mace ta kan balaga tana da wata biyar zuwa tara, akwai ma wadda ke ɗaukar ciki tana da wata huɗu, ita kanta ba ta gama girma ba. Muzuru ya kan ɗan jinkirta bayan haka. Abin da ke ta da neman barbara a jikinta shi ne tsawon hasken yini. A ƙasashen Turai, inda yini ke gajarcewa ƙwarai da sanyi, maguna su kan sami hutu na 'yan watanni, sai yini ya fara tsawo sa'an nan su komo. Amma mu a nan, da ya ke dare da yini ba su da wani babban bambanci duk shekara, ga kuma fitilun lantarki da ke ƙara wa yini tsawo, wannan hutu kaɗan ne ko ma babu shi sam.

Idan lokacin ya zo ba ya ɓuya. Za a ji ta da dare tana wani dogon kuka kamar na jariri, tana birgima a ƙasa, tana goga jikinta da ƙafafun mutane, ta ɗaga ƙugu ta karkatar da wutsiya gefe guda, abinci ma sai ta rage ci. Wannan kuka shi ne ke sa waɗansu su ce aljani ne ko maye ya rikiɗa, har a bi ta da jifa, alhali kuwa miji kawai ta ke kira. Ba ta zubar da jini kamar yadda karya ke yi. Halin ya kan ɗauki kimanin mako guda, idan ba ta sami muzuru ba ya lafa, bayan mako biyu ko uku ya sake dawowa, haka za ta yi ta yi har ta samu.

A nan akwai wani abin lura ga mai hankali. Saniya da tunkiya da akuya, ƙwan haihuwarsu ya kan sauko da kansa idan lokacinsa ya yi, ko an yi barbara ko ba a yi ba. Kyanwa kuwa galibi ba ta sakin ƙwai sai barbarar ta auku, kuma a wannan hali ta yi tarayya da taguwa da zomo. Allah Ya halicci waɗansu 'yan ƙayoyi ƙanana masu fuskantar baya a al'aurar muzuru, su ne ke zaburar da jikinta ya saki ƙwai cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma su ne dalilin ƙarar nan da ta ke ƙwallawa ta juyo ta kai masa yakushi. Ma'anar wannan tsari ita ce ƙwai ba ya fitowa sai iri na nan yana jiransa, shi ya sa da wuya kyanwa ta fita nema ta dawo ba ta ɗauka ba. Da ya ke kuma ta kan sadu da muzuru fiye da ɗaya a cikin kwanakin, 'ya'yan ciki guda suna iya zama kowa da ubansa, abin da ke sa a ga baƙi da fari da mai zane duk a kwando ɗaya. Wadda ta haɗa launi uku, watau fari da baƙi da ja, kusan koyaushe mace ce.

Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne a galibi, watau mako tara. Wanda ya ga an yi barbara a ranar ɗaya ga Muharram, to ya saurari haihuwa a makon farko na Rabi'ul Awwal. A mako na uku kan nononta zai yi ja ya ɗan kumbura, a makon ƙarshe kuwa za a ga tana leƙa ƙarƙashin gado, da cikin akwatin tufafi, da bayan buhuna, tana neman wuri mai duhu da ɗumi. Ta kan haifi uku zuwa biyar, haihuwar fari ta kan kasa haka. Ita ce ungozomar kanta: ta fasa jakar da ɗan ya fito a ciki, ta lashe shi har ya yi numfashi, ta yanke cibiya da haƙori, ta cinye mabiyiya. Ba ta bukatar komai daga mai gida sai wuri mai tsabta da a bar ta ta huta, sai fa idan an ga tana yunƙuri mai ƙarfi kusan awa guda ba abin da ya fito, to wannan sai likitan dabbobi.

Yanzu sai mu dubi abin da a ke jefarwa a juji. Ɗan kyanwa ya kan zo duniya da nauyin giram 100 ko kusa da haka, kamar ƙwan kaza biyu. Idanunsa a rufe su ke sai bayan kwana bakwai zuwa goma, kunnensa ma bai fara aiki sosai ba. Ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, sai da ɗumin uwa da na 'yan'uwa. Ko bawali da bayan gida ba ya iya yi a makonni ukun farko sai uwar ta lashe shi. Dakashin da zai sha a ranar farko shi ne garkuwarsa daga cututtuka. A mako na uku ya ke fara tafiya, a na huɗu ya fara lasar abinci, yaye kuwa sai mako na shida zuwa na takwas. Saboda haka wanda ya ɗauki ɗan kwana uku ya ajiye a bayan gari ya ce wai ya sake shi ya ci arzikin Allah, ya sani kashe shi ya yi, sai dai ya zaɓa masa mutuwa mai tsawo ta yunwa da sanyi da cinnaku. Ko waɗanda ke tare da uwarsu a waje ma da ƙyar su ke sha. Wani bincike da likitocin dabbobi suka yi a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, aka buga shi a 2004, ya nuna uku daga cikin kowane huɗu na 'ya'yan magunan da ba su da gida sun mutu ko sun ɓace kafin su cika wata shida.

LISSAFIN DA BA YA FITA

Muna da wani maƙwabci, dattijo mai sayar da hatsi, wanda ya tare mu wata rana bayan sallar La'asar ya ce, "Malam, kyanwar sitona ta ishe ni. Bana kaɗai sau huɗu ina sa yaro ya kai 'ya'yanta juji, amma kamar ana zuga ta." Muka ce, "Alhaji, Allah Ya ba ka haƙuri, ai kai ne ke zuga ta." Ya yi dariya ya ce mu faɗa masa ta yaya. Abin da muka faɗa masa shi ne ginshiƙin wannan bayani namu, kuma muna so kowane ɗan kasuwa ya auna shi da irin ma'aunin da ya ke auna cinikinsa.

Shayarwa ta kan danne neman barbara a jikin kyanwa, ko da ya ke ba koyaushe ba. Idan an bar ta da 'ya'yanta, za ta yi mako tara na ciki, da mako takwas na shayarwa, da kamar mako biyu kafin ta sake nema, jimla mako 19, watau haihuwa biyu ko uku a shekara. Amma idan an kwashe 'ya'yan, ko sun mutu, jikinta ya kan ɗauka aiki ya ƙare, cikin mako ɗaya ko biyu sai ta koma nema. Zagayen ya dawo mako 11 ke nan, kuma a haka tana iya haihuwa sau huɗu a shekara ko fiye. Ashe mai jefarwa ya rage mako takwas ne daga hutun da Allah Ya ba ta, ya ƙara wa kansa yawan buhunan da zai kai juji. Ita kuwa uwar ta kwana tana kewaya gida tana kira, nono ya cika ya yi tauri har ya kan zama ciwo, ga ciki a kan ciki yana cin jikinta, sai ta rame ta kasa kamun ɓeran da aka ajiye ta dominsa.

Alhaji ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi bai taɓa kawo alhaki a cikin lissafin ba, balle ya san hasara ya ke tafkawa. Da ta sake haihuwa ya bar mata su har suka yi wata biyu, maƙwabtansa na kasuwa suka rabe su, domin ba mai sito da zai ƙi ɗan kyanwar da ya koyi farauta wurin uwarsa.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Zancen alhaki kuwa ba mu muka ƙaga shi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba. To, ina bambancin tsarewa a ɗaki da ɗaurewa a buhu? Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana fuffuka a kansu, da Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya gani sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umurni a mayar mata da 'ya'yanta. A cikin Suratul An'ami ma Allah Ya sanar da mu cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu.

Sai dai mai gida yana da tasa hujja, kuma ba za mu raina ta ba. Kyanwa ɗaya mai haihuwa sau biyu a shekara, huɗu huɗu, cikin shekara biyar ta ba da 40 ita kaɗai, ban da abin da 'ya'yanta mata za su haifa tun ba su shekara ba. Kuma ba ta da shekarun daina haihuwa irin na 'yan Adam, sai dai ta ragu da tsufa. Ba gidan da zai iya riƙe wannan. Tambayar ita ce, ko ya halatta a yi wa muzuru fiɗiya, mace kuma a yi mata aikin da zai hana ta ɗaukar ciki?

Malamai sun saɓa a kan fiɗiyar dabbobi tun da daɗewa. Waɗansu magabata sun ƙi ta, suna ganin ta shiga cikin canza halittar Allah da aka ambata a Suratun Nisa'i, kuma Shafi'awa sun taƙaita halaccinta ga dabbar da a ke cin namanta. A mazhabarmu ta Malikiyya, Ibn Abi Zaid ya faɗa a cikin Risala cewa ba laifi a yi wa tumaki da awaki saboda gyaran namansu, amma an hana a yi wa dawaki. An kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi layya da raguna biyu fiɗiyayyu. Malaman Hanafiyya sun ambaci kyanwa da sunanta, suka ce ba laifi idan akwai amfani ko kawar da cuta. Daga malaman wannan zamani, Shaihu Ibn Usaimin na ƙasar Saudiyya, wanda ya rasu a 2001, ya halatta haka idan magunan sun yi yawa suna cutarwa, kuma aikin ba zai cuce su ba. Abin da mu ke gani shi ne, idan abu biyu marasa daɗi suka haɗu sai a ɗauki mafi sauƙi, kuma aiki guda da likita zai yi bayan ya ba dabba maganin barci ya fi sauƙi ƙwarai a kan rayukan da za a riƙa zubarwa shekara da shekaru. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da wannan ba yana da malaman da ya bi, amma fa ya sani ya ɗauki nauyin ciyar da duk abin da ta haifa ko nema musu gidaje, domin babu malami ko ɗaya da ya ba da izinin juji.

Likitoci sun tabbatar cewa aikin yana da amfani ga ita kyanwar kanta. Yana kare ta daga cutar da ke tara mugunya a mahaifa, kuma idan an yi shi da wuri, kafin ta cika wata shida, yana rage haɗarin ciwon daji na nono ƙwarai da gaske. Muzurun da aka yi wa ya kan rage yawon dare da faɗa da fitsarin nan mai wari da ya ke yi a bango. Farautar ɓera kuwa ba ta raguwa, domin ba ta da alaƙa da barbara. Ana yin aikin a asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da sauran asibitocin dabbobi na manyan garuruwa. Amma muna gargaɗi da babbar murya, kada wani ya dandaƙe muzuru a gida kamar bunsuru, wannan azabtarwa ce. Kada a ba kyanwa ƙwayoyi ko allurar tazarar haihuwa ta mata, domin irin waɗannan magunguna su kan jawo mata ciwon mahaifa da kumburin nono. Kada kuma a ba ta farasitamol don rage zafi, guba ce mai kisa a gare ta.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa, wanda ya ke da kyanwa mace ya ƙidaya watanninta, ya yanke shawara kafin ta kai wata biyar. Idan ta riga ta ɗauki ciki, yana da mako tara na neman masu so, kuma wannan lokaci ya isa. Idan ta haihu a bar mata 'ya'yanta aƙalla mako takwas, a ƙara mata abinci da ruwa, yara su riƙa taɓa su a hankali tun daga mako na biyu zuwa na bakwai don su saba da mutane. Wanda ya tsinci waɗanda aka jefar ya fara ɗumama su, ya nema musu wata uwa mai shayarwa, domin ta kan karɓa, kuma ya sani madarar shanu ta kan sa su gudawa. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki kada ya kulle gidan gwamnati ya tafi ya bar kyanwa da ciki ko da goyo, ya tafi da ita ko ya damƙa ta hannun wani, kamar yadda ya ke damƙa mabuɗan ofis.

Magabatanmu sun ɗauki wannan al'amari da nauyinsa. Sarkin Masar Zahir Baibaras, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira domin a riƙa ciyar da magunan da ba su da masu su, kuma ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarsa ana ci gaba da kawo musu abinci kowace yamma a farfajiyar kotun alƙali. Mu ba a nemi lambu daga gare mu ba, sai kwali ɗaya a lungun sito da haƙurin wata biyu.

Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙan abin da ke ƙarƙashin hannunsu, Ya yafe mana abin da muka aikata bisa rashin sani, Ya kuma jiƙan iyayenmu da malamanmu.